Gobarar da ke Biyo Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

Jawabin da aka gabatar a taron reshe, albarkacin Ranar Yaƙi da Shanyewar Ɓarin Jiki ta Duniya



Ina godiya ga kwamitin jin daɗin mambobi da ya ɗora mini nauyin yin magana a yau. Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce aka keɓe a duniya domin wayar da kai game da ciwon shanyewar ɓarin jiki, kwamitin kuma ya ga dacewar mu ma mu tsaya mu dube shi. Da wuya a samu wani a wannan ɗaki da bai taɓa zuwa dubiyar wanda ciwon ya kayar ba, ko uba, ko uwa, ko maƙwabci, ko abokin aikin da jiya-jiya yake tsaye gaban allo. Ƙididdigar masana ta nuna cewa ciwon yana samun mutum kimanin miliyan 12 a duniya kowace shekara, kuma cikin duk mutum huɗu da suka kai shekara 25, ɗaya zai gamu da shi a rayuwarsa.

Zan bi ƙa'idar da aka koya mana tun a kwalejin ilimi, wato a tashi daga abin da ɗalibi ya sani zuwa abin da bai sani ba. Abin da kowa ya sani shi ne ranar da mutum ya faɗi. Abin da nake so mu duba shi ne kwanakin da ke biyo baya, domin a cikinsu ne jiki ke shiga yaƙi na biyu. Shekaru da dama ke nan masana na neman maganin wannan yaƙi, kuma a cikinsa ne mu iyalai muke da hannu dumu-dumu, ko mu taimaka ko mu ƙara ɓarna.

Mu fara da ita ƙwaƙwalwar. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jikin baligi ba, amma ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Ba ta da rumbu, abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. Shanyewar ɓarin jiki na faruwa ne idan jini ya yanke wa wani sashe nata, hakan kuma ta hanya biyu yake zuwa. Ko dai gudan jini ya toshe jijiya, ko kuwa jijiyar ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. Da yake ɓangarenta na hagu shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, na dama kuma ke sarrafa na hagu, sai a ga mutuwar hannu da ƙafa alhali tushen ciwon yana cikin kai.

A Turai da Amurka, toshewa ce ke ɗauke da kusan kashi 85 cikin 100 na ciwon. A wajenmu lissafin ya sha bamban. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta tare da abokan aikinsa a asibitocin Nijeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya duba masu ciwon sama da 2,000. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna kashi 68 toshewa ce, kashi 32 kuma fashewa. Wato kusan ɗaya cikin uku a yankinmu zubar jini ce. Matsakaicin shekarun marasa lafiyar 59 ne, lokacin da malami ke kan aiki ko yake dab da ritaya, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon an danganta shi da hawan jini. Ku riƙe wannan lissafi na ɗaya cikin uku, zan dawo kansa.

Idan jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke tsakiyar wurin suna mutuwa cikin 'yan mintoci. A kewayensu kuwa akwai wani yanki da ke samun ɗan jini ta ƙananan jijiyoyin gefe. Ƙwayoyin wannan yanki sun daina aiki amma da sauran ransu, kamar shukar da ta yi yaushi lokacin fari, wadda za ta farfaɗo muddin ruwa ya sauka da wuri. Wannan yanki shi likitoci ke tseren cetowa. A 2006 wani likita a Amurka, Jeffrey Saver, ya lissafa cewa idan babbar jijiya ta toshe ba a buɗe ta ba, ƙwayoyi kimanin miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti. Allurar narkar da gudan jini, wadda ake kira altefilas, an amince da ita a Amurka tun 1996, kuma a ƙa'ida cikin awa huɗu da rabi daga farawar alamu ake yin ta. Daga 2015 kuma aka tabbatar da amfanin zura siririn bututu ta jijiya a zaro gudan jinin. Duka hanyoyin biyu aikinsu buɗe hanyar jini ne. Ko an buɗe, ko ba a buɗe ba, akwai abin da ke tasowa a baya, shi ne kumburi.

Kowannenmu ya san kumburi. Ƙaya ta soki yaro a filin wasa, kashegari sai wurin ya yi ja, ya tasa, ya ɗauki zafi, yana zogi. Waɗannan alamomi huɗu wani marubucin Rumawa mai suna Celsus ya jero su tun ƙarni na 1 na Miladiyya, har yau kuma da su ake koyar da ɗaliban likitanci. Ma'anarsu ita ce garkuwar jiki ta sami labari, ta buɗe jijiyoyin wurin, ta turo fararen ƙwayoyin jini su kashe ƙwayoyin cuta su share datti. A tafin ƙafa wannan alheri ne, domin akwai abokin gaba da ya shigo, fata kuma tana miƙewa ta ba kumburin wuri. A ƙwaƙwalwa al'amarin ya bambanta ta fuska biyu. Da fari, babu ƙwayar cutar da ta shigo, sojojin jiki za su iso da makamai su tarar babu kowa sai 'yan gida. Na biyu, ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai take, shi kuwa ƙashi ne, ba ya miƙewa.

Ku ɗauki misalin gobara a unguwa mai cunkoso. Wuta ta kama gida ɗaya, aka yi kururuwa, jama'a suka taso da bokitai da gatura, kowa da niyyar alheri. Amma garin kashe wutar sai a ɓalle ƙofar maƙwabci, a rushe katanga, a jiƙe hatsin da wuta ba ta kai gare shi ba, a tattake wasu cikin turmutsutsu. Idan gari ya waye aka yi lissafin asara, wani kaso na wuta ne, wani kaso na masu kashe ta. Kuma su dai waɗannan mutane ne za su dawo su kwashe toka, su kwaɓa ƙasa, su taya mai gida sake gini.

Haka abin yake a cikin kai. Ƙwayoyin da suka mutu suna fashewa su zubar da abin da ke cikinsu, wannan shi ne kururuwar. Masu fara amsawa wasu ƙananan ƙwayoyi ne mazauna ƙwaƙwalwa da ake kira maikurogiliya, waɗanda wani masani ɗan Sifen, Pío del Río Hortega, ya bayyana su a 1919. Su ne masu gadin gida. Cikin mintoci zuwa sa'o'i suke tashi, su saki sinadaran kiran agaji, irin su intalukin-1. Kiran yana sa bangon jijiyoyi ya fito da wasu 'yan ƙugiyoyi da fararen ƙwayoyin jini ke maƙalewa a jikinsu. Sahun farko na masu shigowa su ne nutirofil, waɗanda ke yin yawa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Suna zuwa da sinadarai masu narkar da nama, suna kuma iya cushe ƙananan jijiyoyi ko da an riga an buɗe babbar.

Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai wata katanga mai tsananin tsaro da Allah Ya halitta, wadda ba ta barin komai ya wuce sai abin da ƙwaƙwalwa ke buƙata. Sinadaran nan suna huda ta. Ruwa sai ya riƙa tsattsafowa, ƙwaƙwalwa ta kumbura, kumburin kuma ya fi tsanani tsakanin kwana na biyu da na biyar. Wannan ne ya sa za a ga mara lafiya ya yi magana ranar farko, iyali su yi hamdala, sai a kwana na uku ya soma barci mai nauyi da amai. Idan ciwon babba ne, wani lokaci sai likitocin tiyata sun cire wani ɓangare na ƙoƙon kai domin ƙwaƙwalwar ta sami wurin da za ta tasa.

Daga nan sai aikin gyara ya kankama. Wasu manyan ƙwayoyi masu haɗiye datti suna kwashe matattun ƙwayoyi, maikurogiliya da yawa su koma sakin sinadaran kwantar da tarzoma, sababbin jijiyoyin jini su fara tsirowa, a killace wurin da tabo. Sassan ƙwaƙwalwa da suka tsira su soma koyon aikin waɗanda suka mutu, abin da ya sa motsa gaɓoɓi da koyon magana suke yin tasiri a makonni da watannin farko. Garkuwar da ta yi ɓarna a kwana na biyu, ita ce magina a mako na biyu.

Akwai kuma wata fuska ta al'amarin da ta fi ba da mamaki. A daidai lokacin da garkuwa ta yi yawa a cikin kai, a sauran jiki raguwa take yi. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana sa a saki sinadaran firgici, adirinalin da kotisol, su kuma tamkar umarni ne ga dakarun jiki su ajiye makamai. Adadin wasu fararen ƙwayoyin jini yana faɗuwa, saifa ma, wadda ke zaman barikinsu, tana tsukewa. A 2003 masu bincike a asibitin Charité na birnin Berlin a Jamus suka nuna cewa ɓerayen da aka sa wa ciwon suna kamuwa da ciwon huhu da kansu cikin 'yan kwanaki, da aka toshe saƙon firgicin kuma sai kamuwar ta ragu. A mutane, kusan kashi 30 cikin 100 na masu ciwon suna kamuwa da wata cuta a kwanakin farko, musamman ciwon huhu da ciwon mafitsara. Ga shi kuma kusan rabinsu haɗiya tana yi musu wuya da farko, ruwa ko abinci ya bi ta maƙogwaron iska ya faɗa huhu. Ƙofa a buɗe, masu gadi kuma sun ajiye sanda. Ciwon huhu na cikin manyan abubuwan da ke kashe mutum bayan ya tsallake ranar farko.

To, da masana suka fahimci haka, sai suka ce ai ga inda za a kai magani. Lokacin narkar da gudan jini sa'o'i ne, kumburi kuwa kwanaki yake yi, saboda haka maganinsa zai iya riskar har mutumin da ya iso asibiti a makare. Tunani ne mai kyau, kuma ya fi kowa amfanar irinmu da hanya ke ci wa lokaci. Ga yadda gwaje-gwajen suka kaya.

An fara da magungunan kashe kumburi masu ƙarfi, irin su deksametason. A 1987 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Bankok na ƙasar Tailan a kan mutum 93 masu zubar jini a ƙwaƙwalwa. Mutuwa ba ta ragu ba, sai ma kamuwa da cututtuka da hauhawar sukari suka ƙaru ga waɗanda aka ba maganin, har aka tsayar da gwajin. Ga masu toshewar jijiya ma, da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi, ba a ga amfaninsa ba.

Sai aka ce bari a yi saiti sosai, a toshe ƙugiyoyin nan da fararen ƙwayoyi ke maƙalewa a jikinsu. Aka haɗa wani magani mai suna enlimomab, ya yi aiki a jikin dabbobi. Aka gwada shi a kan mutum 625, sakamakon ya fito a 2001: waɗanda aka ba maganin sun fi mutuwa, sun fi naƙasa, sun fi zazzaɓi da kamuwa da cuta. Daga baya aka gane cewa da yake daga jikin ɓera aka samo shi, jikin ɗan Adam ya ɗauke shi baƙo ya tasar masa, kumburin ya ƙaru. Garin neman gira aka rasa ido.

Wani maganin, natalizumab, mai hana wasu fararen ƙwayoyi shiga ƙwaƙwalwa, an gwada shi a kan mutum 161. A 2017 aka bayyana cewa bai rage girman raunin ba, gwaji na biyu a 2020 ma bai nuna amfani ba. A Jami'ar Mancesta ta Ingila, Farfesa Nancy Rothwell da abokan aikinta sun daɗe suna bin sawun intalukin-1. Maganin da ke toshe shi, anakinra, ya rage alamun kumburi a jinin mutum 80 da aka yi gwajin da su a 2018, sai dai hakan bai fito fili a warkewarsu ba. A birnin Tianjin na ƙasar Sin, wani magani mai suna fingolimod ya ba da sakamako mai daɗin ji a 2014, amma mutum 22 kacal gwajin ya ƙunsa, adadin da bai kai a kafa hukunci a kansa ba.

An kuma gwada ta ɗaya fuskar. Tun da garkuwa tana raguwa, me zai hana a ba kowane mara lafiya maganin kashe ƙwayoyin cuta tun kafin ya kamu? A 2015 aka buga manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Holan mai mutum 2,550, ɗaya a Birtaniya mai mutum 1,217. Babu wanda ya hana ciwon huhu, babu kuma wanda ya kyautata warkewa.

Kumburi yana da hannu tun kafin faɗuwar ma, domin shi ke taya kitse lalata bangon jijiyoyi har gudan jini ya samu wurin kafuwa. A 2017 wani gwaji a kan mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya ya nuna cewa toshe wani nau'in intalukin-1 ya rage sake aukuwar ciwon jijiyoyi da kimanin kashi 15 cikin 100, amma mutuwa ta dalilin kamuwa da cuta ta ƙaru. Wannan ya sa aka waiwayi kolcisin, wani tsohon maganin ciwon gaɓoɓi mai araha, ko zai hana shanyewar ɓarin jiki dawowa. A 2024 sakamako biyu suka fito. Na Farfesa Peter Kelly na Dublin, mai mutum 3,154, ya nuna ɗan ragi wanda bai kai ma'aunin tabbaci ba. Na ƙasar Sin, mai mutum 8,343, bai nuna bambanci ba cikin kwana 90.

Me ya jawo wannan jerin rashin nasara? Tun a 2006 wasu masana a Ostireliya suka ƙirga hanyoyin magani 1,026 da aka gwada a kan ciwon, 114 daga ciki sun kai ga mutane, amma cikin masu neman kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa babu wanda ya tabbata. Ɓeran ɗakin gwaji matashi ne lafiyayye, ana kuma ba shi magani a kan kari. Mara lafiyar asibiti kuwa dattijo ne mai hawan jini, wataƙila da ciwon sukari, ya kuma iso bayan sa'o'i. Babban dalilin dai shi ne wanda misalin gobara ya nuna mana. Idan ka kori jama'a gaba ɗaya don kada su yi ɓarna, ka kori masu sake gini, ka kuma bar gari babu mai tsaro. Maganin da ake nema sai ya san wace ƙwaya zai tsayar, a wace rana, a wane sashe na jiki. Bincike yana ci gaba, muna kuma yi masa fatan nasara. Amma zuwa yau, a ƙa'idojin jinyar wannan ciwo babu wani maganin kumburi da ake ba kowane mai shanyewar ɓarin jiki.

Wani zai ce, ashe babu abin yi ke nan? Akwai, kuma daga hannun ma'aikatan jinya ya fito. A 2011 Farfesa Sandy Middleton ta Ostireliya ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a sassan jinyar ciwon guda 19. Babu sabon magani a ciki. An dai tsara wa nas-nas abu uku a kwanakin farko: su auna zafin jiki duk bayan awa huɗu su sauke shi da zarar ya haura 37.5, su riƙa auna sukari su daidaita shi, kuma kada a ba mara lafiya komai ta baki sai an gwada haɗiyarsa. Bayan kwana 90, waɗanda suka mutu ko suka kasa kula da kansu kashi 42 ne cikin 100 a inda aka bi tsarin, kashi 58 a inda ba a bi ba. Zazzaɓi da yawan sukari itace ne a wutar da ke cin yankin nan mai yaushi, gwajin haɗiya kuma rufe ƙofar huhu ne. Abin da magunguna masu tsada suka kasa, kulawa ta yau da kullum ta cimma wani kaso mai tsoka daga cikinsa.

Daga wannan bayani, ga abin da ya rataya a wuyanmu a gidajenmu.

Na farko, mu san alamu huɗu: fuska, hannu, magana, lokaci. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya saki, magana ta sarƙe ko ta ɗauke, to a duba agogo a riƙe lokacin, a nufi asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Ko da alamun sun wuce cikin mintoci, a je, domin sau da yawa gargaɗi ne. Na san cewa a wurin jama'armu da yawa, faɗuwar farat ɗaya iska ce ko jifa. Babu mai hana addu'a, ita ce makamin mai imani. A yi ta a cikin mota, a yi ta a bakin gadon asibiti, kada dai a kwana ana jira.

Na biyu, kada a ɗura masa komai. Ruwa, kunu, rubutu, jiƙo, ƙwayar magani, duk su dakata sai ma'aikacin lafiya ya tabbatar yana iya haɗiya. Idan hankalinsa ya gushe, a kwantar da shi ta gefe. Cokali guda da aka ba shi don tausayi yana iya zama mafarin ciwon huhu.

Na uku, kada a biya ta kemis. Ga inda lissafin ɗaya cikin uku ya dawo. Asfirin yana da amfani ga mai toshewa, amma ga mai zubar jini ƙara zubar zai yi, ido kuma ba ya bambance su, sai hoto. Deksametason, wanda wasu ke sha don neman ƙiba, mun ji abin da ya haifar a Bankok. Diklofenak da ibufurofen, da muke sha kamar gyaɗa saboda ciwon baya da gwiwa, suna ɗaga hawan jini, a 2015 ma hukumar magunguna ta Amurka ta ƙarfafa gargaɗin cewa suna ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Haka nan kada a yi gaggawar karya hawan jinin a gida, domin a sa'o'in farko na toshewa, da wannan matsin ne jini ke isa yankin da ke da sauran rai. Likita ne zai yanke yaushe da kuma yaya za a sauke shi.

Na huɗu, masu jinya su sa ido sosai daga kwana na biyu zuwa na biyar. Barci mai nauyi, amai, zazzaɓi, tari ko shaƙewa lokacin cin abinci, numfashi da sauri, duk a sanar da nas nan take. Kada sauƙin ranar farko ya sa a nemi sallama. Idan an ba da izinin ci, a zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, a wanke masa baki safe da yamma, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya.

Na biyar ya shafi dubiya. Al'adarmu ce mai kyau, addini ma ya kwaɗaitar da ita. Amma wanda ke kwance garkuwarsa ta yi rauni. Mai mura ko tari ya aika da gaisuwa ko ya tsaya daga nesa, masu shiga su wanke hannu, kada a cika ɗaki, kada kuma a daɗe.

Kwamared Shugaba, ina roƙon in ajiye shawarwari huɗu a gaban reshe. Ɗaya, a sayi na'urar auna hawan jini ga kowace makaranta, a riƙa auna kowane malami a farkon kowane zango, wanda aka ga nasa ya kai 140 bisa 90 ko ya haura a ranaku daban-daban ya ga likita, wanda kuma aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Biyu, asusun taimakon juna ya ware wani kaso da za a iya fitarwa cikin sa'a guda, dare ko rana, domin kuɗin mota da na hoton ƙwaƙwalwa, tun da sau da yawa neman kuɗin ne ke cinye sa'o'in da ba a maido su. Uku, kwamitin jin daɗi ya binciko asibitocin da ke kusa da mu masu na'urar hoton da ke aiki, a buga sunayensu a wannan mujalla tamu. Huɗu, mu koya wa ɗalibanmu alamun nan huɗu a darasin kiwon lafiya. Yaron aji biyar shi ne sau da yawa ke gida tare da kakarsa lokacin da manya suka fita nema.

Wani abin ƙarfafa gwiwa daga binciken SIREN shi ne, masu cin ganye kullum sun fi samun kariya daga ciwon, masu barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa kuma haɗarinsu ya fi yawa. Zogale, rama, alayyahu da yakuwa ba su fi ƙarfin albashin malami ba. Rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano kuwa ragin kashe kuɗi ne ma. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, mu kuwa mun ga gemu da yawa sun kama a cikinmu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.